Rijiya, Gawo da Gandun Daji: Tarihin Kula da Ƙasa a Masarautar Daura Tsakanin Fiƙihu da Binciken Zamani

A shekarar 1987, wadda a cikinta aka yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ya fitar da rahoton da ya yayata abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa. Manufarsa a taƙaice ita ce mutanen yau su biya bukatunsu daga ƙasa ba tare da sun tauye rabon waɗanda za su zo bayansu ba. Tun daga lokacin rubuce-rubucen jami'o'i a kan muhalli suka yawaita, kuma sunan Daura yakan fito a cikinsu ta fuska guda: yanki ne na bakin iyaka da hamada ke gurgusowa gare shi, maganinsa kuwa a dasa itatuwa. Wannan maƙala tana bin tarihin masarautar ne domin nuna cewa akwai tambayar da ta riga tambayar dashe, wato wane ne ke da haƙƙi a kan ruwa da ciyawa da itace, kuma wane ne za a tuhuma idan sun salwanta. Malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa wannan tambaya babi, masu binciken zamani kuwa sai da suka sha doguwar hanya kafin suka iso gare ta.

Kusugu da mas'alar ruwa

Labarin Bayajidda ba shi da isnadin da za a dogara da shi, kuma masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun nuna raunin ɗaukarsa a matsayin bayanin asalin Hausawa. Amma hikaya ko da ba ta tabbatar da abin da ya auku ba, tana nuna abin da ya dami masu ba da ita. Abin da ya dami Daurawa a cikin wannan labari shi ne rijiya guda, Kusugu, da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako. Baƙon da ya kashe macijin bai ci garin da yaƙi ba. Ya samu matsayi ne domin ya buɗe wa jama'a ruwa. Ke nan al'ummar da ta riƙe wannan labari ɗaruruwan shekaru tana auna cancantar mai mulki da yadda ruwa ke isa ga talakawa. Wannan ma'auni ya yi daidai da ma'anar hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu.

Abin da littattafan Malikiyya suka tanada

Almajirin da ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa har ya kai ga Mukhtasar na Shehu Halilu ya ratsa babin rayar da mataccen fili, ko da malaminsa bai tsaya a kansa ba kamar yadda ya tsaya a kan tsarki da gado. A wannan babi ne aka shimfiɗa hanyoyin da fili ke keɓanta ga wani. Na farko rayarwa: wanda ya tono ruwa, ko ya yi gini, ko ya dasa itace, ko ya nome fili da babu mai shi, ya samu haƙƙi a kansa. Idan filin yana kusa da gari sai da iznin shugaba, idan yana nesa babu bukatar izni. Kewaye fili da shinge kawai, ko kiwo a cikinsa, ba ya zama rayarwa. Kuma a mazhabar Imamu Malik wanda ya raya fili sannan ya yi watsi da shi har ya koma daji, zamani ya yi tsawo, haƙƙinsa yana faɗuwa idan wani ya zo ya raya. Mallaka a nan tana tafiya ne tare da kulawa.

Na biyu harimi, wato hurumin da ke kewaye da abu mai amfani. Gari yana da huruminsa, shi ne wurin itacen girki da makiyayar da mutum zai je da safe ya dawo a yininsa, kuma ba a yanka wa kowa gona a cikinsa ta yadda zai cutar da mutanen garin. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa masu sha ba kuma ba zai cutar da ruwan ba. Har itace yana da hurumi, gwargwadon maslaharsa. Na uku hima, wato filin da shugaba ya killace domin amfanin jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya killace Naƙi'i domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) kuma ya killace Rabaza. Malikiyya sun ɗaure wannan iko da sharuɗɗa: a samu bukata ta gaskiya, filin ya zama kaɗan, babu gini ko shukar wani a cikinsa, kuma amfanin ya zama na jama'a ba na sarki ba.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su tsaya a littattafan Masar da Magrib ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya keɓe musu littafi mai suna Ta'alimur Radi, a kan dalilan keɓantuwa da mataccen fili. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sanya raya ƙasa da ƙarfafa masu sana'a cikin wajibin shugaba. Sai dai akwai wuri guda da ya kamata mai nazari ya tsaya. Sare itatuwa domin buɗe gona yana cikin ayyukan da malamai suka ƙidaya a matsayin rayarwa. Hukunci ne da ya dace da zamanin da daji ya fi ƙarfin mutane, namun dawa suna shiga har bayan gari. A ƙasar da itace ya zama shi ne abin da ya yi ƙaranci, illar hukuncin ta sauya, kuma wannan mas'ala ce da ke jiran ijtihadi daga masu fiƙihun yau, ba daga ma'aikatan gandun daji ba.

Ƙarni na sha tara: ƙasa ɗaya, sarakuna uku

Wajen shekarar 1805 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu, ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Daga baya danginsa suka kafa sarautu a Zango da Baure, ƙasar Daura ta rabu tsakanin Fulani da ke birni ƙarƙashin Sakkwato da gidajen tsohuwar sarauta waɗanda suka shiga inuwar Damagaram. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa kan al'amuran Daura da aka buga a 1978. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne tasirinta a kan ƙasa. A zamanin hare-hare mutane sukan taru a garuruwa masu ganuwa su noma abin da ke kusa, dazuzzukan da ke tsakanin masarautu kuma su zama kan iyakar da ba mai iya zama a ciki. Yawan dajin da Turawa suka tarar a farkon ƙarni na ashirin ba duka ne sakamakon kyakkyawan tsari ba, wani sashensa tsoro ne ya tsare shi. Mai son yabon magabata ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Duk da haka tsari yana nan. Mai gari shi ke yanka wa baƙo gona. Burtali da mashaya sanannu ne, kuma bayan girbi makiyayi yakan sauka a gona ya ci karmami ya bar taki. Itatuwa masu 'ya'ya, kamar ɗorawa da kuka da tsamiya, suna da masu su, har yakan yiwu gona ta wani ce itacen da ke cikinta na wani. Gawo kuwa matsayinsa daban ne. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, sannan ya tofo da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da ke hutawa a gindinsa su ke sa hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na sarari kyau, abin da kowane manomi a Sandamu ko Mai'aduwa ya sani tun kafin a auna shi a ɗakin gwaji. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi zamani a rabin ƙarshe na ƙarni na sha tara, ya sanya hukuncin kisa ga mai sare gawo. Masu rubutu a kan muhalli suna son kawo wannan ruwaya cikin sha'awa. Mai fiƙihu ba zai bi su ba, domin jinin mutum ba ya halatta saboda itace, kuma ta'aziri yana da iyaka. Abin da ruwayar ke tabbatarwa kawai shi ne darajar gawo a idon mutanen yankin, waɗanda Zango da Baure ke cikinsu.

Zuwan Turawa da labarin hamada mai tafiya

A 1906 Ingilishi suka mayar da Malam Musa na gidan Zango kan gadon Daura, suka haɗe sassan da ke hannunsu a masarauta guda. A tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyakar Ingila da Faransa, wani ɓangare na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa wajen Magarya a hannun Faransawa. Mutane ɗaya, harshe ɗaya, jigawa iri ɗaya, amma dokoki biyu. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun gwamna a matsayin amana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin biyan haraji, zaman lafiya ya ba mutane damar fita daga ganuwa, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba, ta faɗo a daidai wannan sauyi.

A 1934 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, wanda ya yi aiki a Indiya, ya ratsa waɗannan yankuna da rani. Ya ga rairayi da busassun itatuwa, ya koma ya gabatar da maƙala a 1935 yana cewa Sahara tana tafiya kudu kuma tana barazana ga Arewacin Nijeriya. Shawararsa ita ce a kafa doguwar katangar daji a gefen iyaka. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin biyu, suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa wanda ya bi iyakar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamada mai tafiya ba. Ya ga lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, wadda ya danganta da yadda ake amfani da ita, kuma ya ga tsofaffin tuddan rairayi da ciyawa ta riƙe tun zamani mai nisa. Amma rahoton kwamiti ya kwanta a ofis, hoton da Stebbing ya zana kuma ya zauna a zukata. Bayan fiye da shekara hamsin, a 1991, Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna da hotunan tauraron ɗan'adam cewa gefen Sahara yana matsowa kudu a shekarun fari ya koma arewa idan ruwa ya wadata. Har yau kalmar gurgusowar hamada ita ce ke buɗe yawancin kundayen digiri a kan wannan yanki, sau da yawa ba tare da marubucin ya san daga ina ta samo asali ba.

Wannan fahimta tana da sakamako a aikace. Idan hamada maƙiyi ce mai zuwa daga waje, manomi da makiyayi kuma su ne masu buɗe mata ƙofa, to magani shi ne a raba su da itace. Haka dokokin gandun daji na 1916 da 1937 suka tafi: aka killace dazuzzuka ƙarƙashin En'e, aka sa malaman daji, aka hana sare wasu itatuwa sai da takarda. A zahiri gandun daji ya yi kama da hima, kuma ba za a musanta cewa ya tsare wasu dazuzzuka ba. Bambancin yana ga niyya da mai cin amfani. Hima ta Sayyidina Umar an buɗe ta ga mai 'yan dabbobi kaɗan, an tsananta wa masu manyan garkuna. Gandun daji kuwa talaka ya san shi ne ta hanyar tara. Mutumin da ya san cewa itacen da ya tsiro a gonarsa zai iya jawo masa tuhuma ranar da ya bukaci reshensa, hankali zai ba shi ya cire shi tun yana tsiro.

Fari, dashe da abin da ya biyo baya

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun girgiza yankin, cutar gyaɗa ta 1975 kuma ta karya noman da aka dogara da shi. A tsakanin haka gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar amfani da ƙasa ta 1978 suka ɗauke ikon filaye daga sarakuna a hukumance. Hakimi da dagaci suka ci gaba da sasanta rikicin burtali, amma ba tare da ƙarfin doka a hannunsu ba, wanda ke da ƙarfin dokar kuma ba ya zaune a ƙauyen. A irin wannan giɓi ne burtali ke zama gona, hurumin gari ya zama fegi.

Bincike ma ya sauya alƙibla a wannan zamani. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa fari ba ya zama yunwa sai inda haraji da kasuwa suka riga suka wofintar da rumbu. Michael Mortimore kuma ya nuna cewa a kewayen Kano, inda jama'a suka fi cunkushewa, manoma suna riƙe da itatuwan gonakinsu suna kula da su, saɓanin zaton cewa yawan mutane shi ne ƙarshen itace. Amma ayyukan gwamnati sun fi bin tsohuwar hanya. Shirin dashen itatuwa na Katsina da aka fara a 1987 da tallafin ƙasashen Turai ya kafa shingayen kare iska da gandayen reno, ya raba dashe, yawanci bedi da turare. Bedi baƙo ne daga Indiya da aka shigo da shi Borno a 1928, ga shi yau ya zama inuwar kowace ƙofar gida a Daura. Aikin ya yi amfani, kuma wasu shingayensa suna tsaye. Rauninsa shi ne ya rataya a kan kuɗin waje, saboda haka da Turai ta dakatar da tallafi ga Nijeriya a 1995 sai ƙarfinsa ya ragu. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015, a farkon fasalinsa shawarar Stebbing ce ta dawo da sabon suna, ko da yake daga baya masu tsara shi sun karkata ga farfaɗo da gonaki da makiyaya.

Abin da ya faru a ƙetaren iyaka

Daga Kwangwalam ko Zango zuwa ƙasar Magarya da Matamai tafiya ce ta ɗan lokaci. A can dokar daji ta Faransa ta 1935 ta fi tsanani, kuma Nijar ta gaje ta bayan samun 'yanci: itace na gwamnati ne ko a gonar wa ya tsiro. Bayan farin 1984, da taron ƙasa da aka yi a Maraɗi a shekarar kan lalacewar ƙasa, da kuma matsin tattalin arzikin da ya rage ƙarfin ma'aikatan daji, manoma suka fara ɗaukar itatuwan gonakinsu a matsayin nasu. A yankin Maraɗi wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya ƙarfafa dabarar da manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bar shi, a rage sauran. Saiwar sabara da kalgo da gawo tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ba ta bukatar reno ko ban ruwa. A Magarya da Matamai da Mirya kuwa yawanci manoma ne da kansu suka kare gawon da ya tsiro. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun zo ne daga baya, suka matsa kusa da abin da mutane suka riga suka yi.

Lokacin da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan da wasu suka auna yankin a shekarun 2000, suna gwama tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ta taimaka, amma ba ta isa bayani ba, domin masu binciken sun lura cewa a wurare da dama itace ya fi yawa a gefen Nijar fiye da gefen Nijeriya, alhali girgijen da ke zubar da ruwa a Magarya shi ne ke zubarwa a Baure. Babu wanda ya karanta wa waɗannan manoma babin rayar da mataccen fili, amma ƙa'idarsa ce ta yi aiki: wanda ya raya shi ne mai haƙƙi, kuma mai haƙƙi shi ne ke tsarewa.

Ba a ce komai ya daidaita a can ba. Itacen da ya zama na mai gona ya fita daga hannun matar da ta saba roron itace a ko'ina, da makiyayin da ya saba sassabe reshen gawo da rani, kuma an samu saɓani a kan haka. A nan ne rabin fiƙihun na biyu yake da abin faɗa, domin malaman da suka tabbatar da haƙƙin mai rayarwa su ne suka hana shi taɓa hurumin gari, suka kuma wajabta wa mai rijiyar dabbobi ya bar rarar ruwanta ga matafiyi ba da kuɗi ba.

Kayan aikin wannan bincike a ɓangaren Daura suna nan kusa. Akwai rajistocin kotunan alƙalai da fayilolin En'e a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai dagatai da ardo-ardo a Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa waɗanda suka san inda tsofaffin burtulla suka bi, akwai kuma sabon ruwa a madatsun Sabke da Daberam wanda rabonsa tsakanin mai lambu da mai shanu yana bukatar hukunci. Masanin ƙasa yana iya ƙidaya gawon da ke hekta guda daga hoton sama, amma rajistar alƙali, wadda sau da yawa da Larabci ko ajami aka rubuta ta, ita ce za ta faɗi wanda aka hukunta wa ɗorawar da ke tsakiyar gonar gado, da hujjar da alƙalin ya kafa.